Neman Burburwa a Tungar Ɗinya

Shuu, shuu, shuu. Da wannan ƙarar gidanmu ke farkawa tun ranar da aka kawo ni cikinsa. Ladanin unguwarmu tsoho ne, muryarsa ba ta tsallako katanga, saboda haka sharar Inna, mahaifiyar maigidan, ita ke tashinmu salla. Maigidan yana ɗaura agogo a hannu saboda aikin tashar jirgin ƙasa, amma shi ma da tsintsiyar yake tashi. 'Yata Luba, wadda ba ta isa shiga makaranta ba tukuna, ita ta raɗa wa tsintsiyar suna agogo, sunan kuma ya bi ta.

Na fara daga nan ne saboda ku ƙawayena da kuka hana ni sakat tun da na dawo. A gidan suna a tare ni, a gidan biki a ja ni gefe, wai da gaske ne na shiga mota har bakin ƙasar Katsina saboda ciyawa? Wata ma cewa ta yi ta ji magani na je nema. Ciyawa ce, ba magani ba. Ga yadda aka yi na rubuta, ku karanta ku miƙa wa na gaba, ko na samu in ci tuwon biki cikin natsuwa.

Idon Inna ya daɗe da yin yana, har ya rufe gaba ɗaya, amma bai hana ta shara ba. Tsintsiyarta ta burburwa ce, ciyawar nan mai siririn kara da kai kamar hayaƙi, wadda kuke tugewa a bayan ɗakunanku kuna tsaki. Inna ta ce da ita take ganin gida. Kukanta a kan siminti daban, a kan ƙasa daban, in ta kusa bango ko turmi kuma sai ta sake murya. Ƙanwarta Iya Hansai ke aiko mata da dami kowace kaka daga garinsu, Tungar Ɗinya, can bayan Bilbis. To, kun san yadda damuna ta yi mana shekarun nan. Aike ya yanke. Na zagaya kasuwa, na aika Sabon Gari, na sa a tambaya har Bunguɗu, kowa ya ce dabbobi sun cinye ta har saiwa.

Tsintsiyar ta yi ta cinyewa. Shuu ya koma ƙar, ƙar, kamar kaza na tono. Na sayo mata ta kwakwa, ta ja ta sau biyu ta ce, "Wagga ba shara takai ba, faɗa takai da ƙasa." Ba ta rufe baki ba ta ci karo da turmi, ta durƙusa. Washegari gidanmu ya yi shiru, rana ta same mu duka a kwance, muka yi salla muna jin kunyar juna.

Malamin asibiti ya duba gwiwar ya ce babu abin da ya same ta. Inna dai ba ta tashi ba. Salla a zaune, fuska ga bango, tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Wanda ya taɓa zama da tsoho ya san inda irin wannan kwanciya take kaiwa.

Na sami maigidan bayan ya ci abinci na ce ina so ya bar ni in je Tungar Ɗinya. Ya fara dariya, sai ya dubi ƙofar ɗakin Inna, dariyar ta tsaya. Ya ce, "In dai za ta tashi, ko Gwanja ne ki je." Ƙanwarsa ta dawo gidan don ta kula da Inna, ni kuma aka haɗa ni da maƙwabciyarmu Yaya Kulu mai fataucin daddawa, wadda ta san kowace kasuwa da kowane direba, kuma ba ta jin tsoron ko ɗaya daga cikinsu. Luba ta maƙale mini, aka ce in tafi da ita.

Da na shiga sallama, Inna ta laluba ta kama bakin zanena.

"Ki gaishe da Hansai. In ta tambaya, lafiyata lau. Kada in ji kin ce na kwanta, kada in ji kin ce ido. Hansai ba ta taɓa ganina ƙasa ba."

Na ce to, na yi alkawari. Da na san abin da alkawarin nan zai jawo, da na nemi ragi.

Ƙarshen bazara ne, hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Muka shiga wata motar katako mai zuwa Tsafe, mata a gaba kusa da kan mota, maza a baya kan buhuna, kaji kuma duk inda suka ga dama. Ba mu yi nisa ba gaban motar ya fara huci. Karen mota ya hawo da gwangwani yana bin mutane.

"Jama'a, a taimaka, lagireto ya sha ƙishi."

Na juye masa ruwan butata, na ce in lokacin salla ya yi ƙasa ma tsarki ce. Yaya Kulu ta rungume gorarta.

"Shiga na ce zan yi, ban ce zan shayar da ita ba. Kai da ka aure ta ka nemo mata."

"Haba Inna, ai ke ma kina cikinta."

"Innarka tana gida. Matsa."

Motar ta sha ruwan kowa ban da na Yaya Kulu, ta lallaɓa har gindin dutsen Kwatarkwashi, nan ta yi tari ta mutu. Direba ya leƙa cikinta ya ce sai an koma Gusau an sayo wani ƙarfe. Wato ranar farko ta tafiyata ta ƙare a inda mai ƙafa da lafiya zai iya komawa gida ya ci tuwon dare.

Wata mai tuwo-tuwo ta sauke mu a gidanta. Al'adarta ta burge ni: ba ta tambayi sunanmu ba, ba ta tambayi inda za mu ba, sai da ta ga mun wanke hannu bayan ci. Mu a Gusau baƙo bai gama cire takalmi ba mun san sunan kakarsa. Ta ba mu hoce mai zafi da ƙuli-ƙuli, hocen da ya fi wanda nake yi nesa ba kusa ba, ko da yake ban faɗa a gida ba. Da ta zo ga tambaya na ce Tungar Ɗinya za ni, neman burburwa. Sai ta dube ni, ta dubi Luba, ta tashi ta ƙaro mana hoce. Na ɗauka kirki ne kawai. Tabarmarta kuwa akwai masu gida a ciki tun kafin mu zo, da safe dukanmu muna susa, Yaya Kulu tana cewa kuɗin cizon garin nan ma ba sa tambayar suna kafin su ci.

Daga Tsafe muka sake mota zuwa Bilbis, muka tarar da kasuwa tana ci. Yaya Kulu ta sayar da daddawarta, ta samo mana wani ɗan Tungar Ɗinya da zai koma gida da jakuna ba kaya. A sakandare an koya mini kogunan ƙasashen Turai da duwatsunsu, amma babu wanda ya gaya mini jaki ana zama masa can baya ne. Na zauna a tsakiya kamar a kujerar aji, ya sunkuyar da kai, na gangaro ta wuyansa na sauka a tsaye a gabansa, muna kallon juna. Mai jakunan ya kau da kai don kunya, kafaɗunsa suna rawa.

Kusa da garin muka bi ta bakin wani rafi da ya ƙafe, jakina ya toge ya ƙi motsi.

"Ki bar shi, Hajiya," in ji mai jakunan, ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba. "Nan Sakkwato, ƙetare Katsina. Jakin ga ɗan Katsina na, kullum sai ya tsaya ya gaida gida."

Iyakar ke nan da na ji ana faɗa, yashi ne da kashin awaki. Garin yana ɓangarenmu, rijiyarsu tana ƙetare, suna kwana a Sakkwato suna shan ruwa a Katsina.

Iya Hansai ta fito ta tarye mu. Inna ce sak, har tsagar fuska, sai dai wannan tana da ido, kuma muryarta tana isa ƙarshen gari. Ta rungume Luba, ta juya ni gaba da baya tana dubawa.

"Ke ta matar ɗana? Ba su ba ki abinci can birni? Ina Yaya?"

Inna take nufi. "Tana gaishe ku," na ce. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

Na miƙa tsarabar goro da sabulu da sukari, aka sha hira, sannan na kawo maganar da ta kawo ni.

"Burburwa," in ji Iya Hansai. "Mi za ki yi da ita?"

"Tsintsiya, Iya."

"Uhum. Tsintsiya." Ta dubi surukanta mata, su ma suka dubi ƙasa. "Ba mu da ita. Bana ba ta hito ba."

Alhali ina zaune ina ganin tsintsiyoyi a soke cikin jinkar ɗaki, sabbi, ƙullin hannu ɗaya da na Inna. Na fita alwala na dawo, babu ko ɗaya. Washegari a bayan gida na ga wani fili na yashi an kewaye shi da ƙaya, ga kututturan ciyawa an yanke su daidai. Na tambayi wata surukar gidan, ta ce wurin shanya ne. Ban taɓa ganin inda ake shanya a cikin ƙaya ba.

Yanzu bari in gaya muku yadda muka bayyana a idon mutanen nan. Ni kun san ni, tun a makaranta sillen kara kuke kirana. Ranar kuma Alhamis ce, ina azumi, aka kawo tuwo da rana na ce alhamdu lillahi, a ɗauke. Yaya Kulu ta ce ba a mayar da kwanon mutane da abinci, ta cinye nata ta cinye nawa. Luba ta suɗe kwanukan biyu, don haka take yi ko a gida.

Da la'asar matan gari suka fara zuwa gaishe mu, ɗaya bayan ɗaya. Kowace hannunta ɗaya yana cikin zane. Ta gaisa, ta tambayi gajiya, in za ta fita sai ta ɗan raɓa bayan ƙofa, in ji wani ɗan sauti, tsss, ta wuce. Na ɗauka wata al'ada ce ta garin. Da ƙafa ta ɗauke na leƙa. Masaki ne babba, ya kusa cika da gero.

Ina tsaye ban gama fahimta ba Luba ta shigo daga wurin yaran gidan, bakinta da wani kunu baƙi-baƙi.

"Umma, kununsu ya fi wanda aka ba mu daɗi. Na ciyawa ne. Sun ce kada in faɗa."

Yaya Kulu ce ta fara ganewa. Ludayin da ke hannunta ya tsaya a hanya, ta mayar da shi cikin ƙwarya a hankali.

"Sun ɗauka yunwa ce ta koro mu," ta ce. "Ni kuma na zauna na cinye musu kwano biyu."

Ashe da gero ya ƙi, burburwa ita ta tsaya. Ruwan da bai isa dawa ta fitar da kai ba ya ishe ta ta yi 'ya'ya, su kuma 'ya'yan nata suke sussukawa suna yi wa yara kunu, su ajiye ɗan geron da ya rage don iri da baƙo. Ba a faɗa, ba a nunawa. Mai hocen Kwatarkwashi ma abin da ta gani ke nan a fuskata.

Na je na durƙusa gaban Iya Hansai na rantse mata akwai abinci a gidanmu, maigidan yana aikinsa, ba abin da muka rasa.

"Kowa haka yaka cewa, ɗiyata. Mu ma da munka fara tara ta, tsintsiya munka ce za mu yi. Wa ka baro birni ya kwana hanya don tsintsiya? Yaya ta aiko ki, kunya ta hana ta faɗi. To, ba za a ce jikokinta sun sha burburwa ba ina da gero ko tsaba guda. Ki ɗauki abin da anka tara ki tafi."

Kun ga inda na tsaya. In na yi shiru, in koma da geron mutanen da ke shan ciyawa, kuma babu tsintsiya. In na faɗi dalili, na karya alkawarin tsohuwa. Na yi buɗa-baki da abin da ban ji ɗanɗanonsa ba, na roƙi Allah ya buɗa mini ƙofar da babu ƙarya a cikinta.

Da asuba sai ga shi. Shuu, shuu, shuu. Iya Hansai ta ɓoye tsintsiyoyinta duka, amma hannunta bai san an ɓoye ba, ya je ya zaro ɗaya. Kafin in yunƙura Luba ta diro daga tabarma ta fita da gudu tana kiran Inna ta tashi, Inna ta tashi. Na bi ta. Ta ja birki a tsakar gida, ta ɗaga kai ta dubi mai sharar.

"Ba Inna ba ce."

"Tashi daga ina?" in ji Iya Hansai.

"Daga gado. Tun da agogo ya lalace ba ta tashi. Ba ta gani, da tsintsiya take gani, ta faɗi kan turmi, ba ta cin tuwo, ni nake cinye mata."

Allah shaida ne ban faɗa ba. Amma kuma ban rufe wa yarinyar baki ba, ga hannuna nan kusa.

Iya Hansai ta zauna a kan turmi, tsintsiyar a cinyarta. Ta yi ta goge ido da haɓar zane. Can ta fyace hanci, muryarta ta dawo da ƙarfinta.

"Tsohuwa da girman kai. Ta makance ba ta aiko ba. Tun muna yara in ƙaya ta soke ta sai ta ce rawa takai." Ta juya ga surukanta. "Ku hau rumbu ku sauko da tsintsiyoyin duka."

Geron bai mayu ba, don babu wadda za ta ce ga nata. Aka surfa shi aka daka, ranar duk yaran Tungar Ɗinya suka sha fura har cikinsu ya yi ƙwal. Yaya Kulu ta karɓi taɓarya ta yi daka kamar mai biyan kaffara, kuma ko ludayi ɗaya ba ta sha ba.

Da rana ta yi sanyi Iya Hansai ta kai ni wurin shanyar nan nata, ta janye ƙaya muka shiga. A gidansu, ta ce, ba a jiran burburwar daji, shuka ta ake yi, kuma duk yarinyar da za a kai ɗakin miji sai an ƙulle mata iri a bakin zane. Na Inna ya ɓace ne da suka koma birni. Ta zuba mini irin a tafin hannu, ya fi gishiri laushi, in ka yi numfashi da ƙarfi ka yi asararsa.

"Ki nemi inda ya fi ko'ina lalacewa cikin gidanku, yashi, rana tsaye. Ki jira ruwan da ya jiƙa ƙasa. Ki gauraya iri da yashi ki watsa, ki bi da tafin ƙafa ki danne. Ba rami, ba rufewa, in kin binne ta kin yi mata jana'iza. Ba taki, in ta ƙoshi sai ta yi tsawon banza ta kwanta, karan ya yi taushi. Ba ban-ruwa. Ki tsare ta daga kaji da awaki, ki cire mata ƙarangiya, shi ke nan. In kan ya bar ja-ja ya fara fari ki yanke, ki shanya a inuwa, ki kakkaɓe iri a faifai. Ki bar kaɗan tsaye ta zubar da nata."

Na ce abin babu wuya.

"Gare ki da wuya. Na ga idonki, ke mai tausayi ta. Tausayi shi ka kashe ta." Ta ƙulle mini irin a bakin zane da hannunta, kamar amarya. Sannan ta rage murya, karo na farko tun zuwana. "In kin ba ta tsintsiya ba ta tashi ba, ki ɗauki hauya ki je bakin tagarta ki yi ta sara. Yaya ba ta iya jin ana ɓata aiki ta yi shiru. Ki ce ni nac ce ki ɗauko hauya."

Muka kamo hanya da damin tsintsiya ɗaure a kan kayan Yaya Kulu, ina jin kamar na ɗauko zinariya. A motar Tsafe zuwa Gusau aka loda wani dillali da ragonsa a bayanmu. Zafi da gajiyar jaki suka haɗu, barci ya ɗauke ni. Dariyar Luba ce ta tashe ni. Na waiga, ga rago ido a lumshe yana tauna, ga damina ya koma guntayen kara da igiya.

"Ki yi haƙuri, Hajiya," in ji dillalin. "Shi ma tun bara rabonsa da ita."

Yaya Kulu ta ce to a yanka shi a ciro mana kayanmu tun ba su yi nisa ba. Mota ta ɗauki dariya, har da dillalin. Ni na ja mayafi na rufe fuska, don abin da ya zo mini ba dariya ba ne.

Kafin shiga Gusau akwai shingen da ake duba masu fitar da hatsi. Wani ɗan sanda ya hawo yana taɓa buhuna, ya ga ina riƙe da ƙullin bakin zanena da hannu biyu.

"Mene ne a nan?"

"Irin burburwa ne."

Ya dube ni, ramammiya, ido ja, da guntayen kara a cinya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙullin gyaɗa ya miƙa wa Luba, ya ce, "Allah ya kawo sauƙi, baiwar Allah." Na buɗe baki zan yi bayani, Yaya Kulu ta taka mini ƙafa. Luba ta miƙa mata gyaɗar, Yaya Kulu ta ce ita ta tuba da cin abin mutane.

Inna ta karɓi guntayen, ta shafa ƙullin igiyar da yatsa, ta shinshina, ta tura su ƙarƙashin matashi. Ta ce, "Hannun Hansai na." Ta juya ga bango.

Sai da muka yi kwanaki muna duban sama kafin ruwan kirki ya sauka. Da gari ya waye ƙasa tana ƙamshi, na aro hauya a maƙwabta. Wurin da ya fi ko'ina lalacewa a gidanmu, cikin ikon Allah, yana daidai tagar Inna, inda magina suka bar ragowar yashi. Na yi bisimilla, na nemi gafarar Allah a kan 'yar dabarar, na fara sara. Na ɗaga murya na ce Luba ta kawo mini kashin awaki da bokitin ruwa.

Sara na nawa ban sani ba, sai na ji daga ciki, "Mi kikai nan?"

"Shuka, Inna. Iya Hansai ta ba ni irin burburwa."

"Da hauya?"

"Ita ta ce in ɗauko hauya."

Na ƙara sara biyu masu kyau.

"Hansai tun tana yarinya ba ta iya komi ba. Aje hauyar nan. Na ce ki aje."

Gadon ƙarfe ya yi ƙara. Na tsaya da hauya a sama, ina jin tafin hannu yana bin bango, taku ɗaya, hutu, taku ɗaya. Ta fito ba ɗankwali, ƙafafu kamar sanda, ta miƙo hannu, na kwance ƙullin na zuba mata. Ta sa Luba ta cike ramukan da na yi, ta gauraya irin da yashi, ta watsa, ta dafa kafaɗata ta bi shi da tafin ƙafa tana dannawa, tana faɗa ƙasa-ƙasa a kan 'yan boko da ƙannen zamani. Muna tsakiyar fili ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Luba ta faɗa min komi. Hansai ta yi kuka?"

"Ta yi, Inna."

"Ai gara." Ta ci gaba da dannawa. "A ɗumama min tuwon jiya."

Damunar nan a bakin filin Inna ta yi ta, kan kujera 'yar tsugunne, da sanda a hannu, tana gane kowace kaza da takunta. Da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damuna, masarar maƙwabta ta naɗe ganye, tausayin da Iya Hansai ta hango ya motsa mini. Na saci jiki da moɗa a bayan zane. Ban kai ba Inna ta ce, "Mayar da shi randa." Burburwa kuwa ko a jikinta, tana tsaye tana rawarta. Duba-gari ya zo ya ce a nome ciyawar nan saboda sauro, Inna ta zaunar da shi ta tambaye shi ɗan wane gida ne, ya fita da alkawarin za a ajiye wa tsohuwarsa tsintsiya ɗaya.

Da kaka kan ya fara fari muka yanke, muka shanya a zaure, Inna ta kakkaɓe iri ta ƙulle na Luba daban tun yanzu. Tsintsiya uku filin ya ba mu, ɗaya ta duba-gari ce, ɗaya Inna ta ba Yaya Kulu ta kai Tungar Ɗinya, wai don Hansai ta ga yadda ake ƙulli. Ta ukun ta jingine a bayan ƙofarta.

Ranar na gaji da aikin yankan, barci ya yi mini nauyi. Sai na ji ɗan hannu yana jan babban yatsan ƙafata. Na buɗe ido, duhu bai gama washewa ba, ga Luba tsaye a kaina, ta ɗaga yatsa ɗaya tana nuna tsakar gida.

"Umma, tashi ki yi salla. An gyara agogo."